Darasi: Linzamin Zuciya a Hannun Hankali

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa, da yawa suna zaton kame kai shi ne mutum ya kashe fushi da sha'awa baki ɗaya. Malamai ba su tafi a kan haka ba. Da babu sha'awa da ba a ci abinci ba, ba a yi aure ba. Da babu fushi da ba a kare gaskiya ba. Abin nema shi ne su biyun su zauna ƙarƙashin hankali da Shari'a.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira (1111), ya buga misali cikin Ihya'u Ulumiddin. Ya kwatanta hankali da mafarauci bisa doki, sha'awa ita ce dokin, fushi kuwa karensa. In mahayi gwani ne, doki da kare sun horu, sai a komo gida da nama. In kuwa doki ya ƙwace linzami, kare ya ƙi jin kira, to mahayi ransa ma yake nema, balle abin farauta. Don haka fushi in ya wuce iyaka ya zama ganganci, in ya gaza ya zama ragwanci, tsakaninsu kuwa jaruntaka take.

Ku dubi hukuncin alƙali. Bukhari da Muslim sun ruwaito hani ga alƙali ya yanke hukunci yana cikin fushi, malamai kuma suka riskar da matsananciyar yunwa da gyangyaɗi, domin duk suna rufe tunani. To, in an hana alƙali, ina ga magidancin da ke furta saki zuciyarsa na tafasa, ko uban da ya ɗauki bulala idonsa a rufe? Gidaje nawa suka watse saboda kalma guda? Da-na-sani ƙeya ce.

Sunna ta koyar da magani: neman tsari daga Shaiɗan, yin shiru, zama ga wanda ke tsaye, da alwala. Dukansu jinkiri ne, har hankali ya samu ya kama linzami. Horo kuwa a ƙananan abubuwa yake farawa, a kasuwa da cikin gida, tun kafin ranar babbar jarrabawa.

Allah Ya ba mu ikon mallakar zukatanmu, amin.