Amsoshin Tambayoyinku: Zaman Ofis da Tumbi

Wani mai sauraronmu daga Zariya ya rubuto yana cewa tun da ya kama aikin ofis wandunansa suka daina shigarsa, yaya zai yi da tumbi?

To malam, fara duba abin da ke kan teburinka, domin baki ya fi ƙafa saurin tara ƙiba. Kwalbar lemo guda ɗaya tana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi 9, kuma sai ka yi wajen rabin awa kana tafiya da sauri kafin ka ƙone shi. Ga shayi mai kauri da fanke da safe. Da dare kuma a kawo malmala biyu, kana gamawa sai barci. Rage tuwon, ka yawaita miyar ganye da wake da zogale.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba yana buƙatar motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako. Minti 30 sau biyar ya cika 150. Taka zuwa masallaci, bar babur ya huta, hau bene da ƙafa.

Rage nauyin rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ya isa. In kana da ciwon suga ko hawan jini, ka ga likita tukuna.