Yadda ake motsa fuskar mai cutar Parkinson da waƙa

Wanda ya kalli Muhammad Ali yana kunna wutar gasar Olamfik a Atlanta a 1996 ya ga abin da cutar Parkinson ke yi wa fuska. Gwanin tsokanar abokan dambe, amma fuskarsa ta tsaya cik. A gida sai a ce tsoho ya ɗaure fuska, alhali ba fushi yake ba. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin ne ke mutuwa, motsi ya ƙanƙance har a leɓe da gira, ƙifta ido ma ya ragu.

Waƙa ba ta warkar da cutar, kuma mai cewa a ajiye magani saboda ita ɓatar da mutane yake. Abin da take yi shi ne ta sa a wangale baki, a ja dogon numfashi. A Jami'ar Jihar Iowa ta Amurka, Elizabeth Stegemöller ta ga numfashin masu cutar ya ƙara ƙarfi bayan mako takwas suna waƙa tare. Binciken da ya shafi fuska kai tsaye kaɗan ne tukuna, amma gwadawa ba ta cin kuɗi.

A fara da lokaci. A jira maganin cutar, wato levodopa, ya kama jiki, galibi rabin awa zuwa awa bayan an sha. A zauna kan kujera mai jingina, a ɗan jiƙa maƙogwaro da ruwa, a yi hamma, sannan a ja "aaa" da "uuu" da "iii".

A zaɓi abin da mai cutar ya haddace tun yana matashi. In waƙar Shata ce, iyali su zama 'yan amshi. Dattijon da ba ya son kiɗa ya rera ƙasida.

Rashin amfani da madubi ne kuskuren da ake yawan yi. Cutar kan rikita yadda mutum ke jin muryarsa da motsinsa: yana ganin ya ɗaga murya, na kusa da shi ba ya ji, yana ganin ya yi murmushi, leɓen bai gusa ba. Faɗa masa "Baba, ƙara buɗe baki" sau goma gardama kawai zai jawo. A sa masa madubi a gaba, ko ɗan na kasuwa ya isa, ko a ɗauke shi bidiyo da waya ya gani da idonsa. Daga nan sai ya rera har ya ji kamar ya wuce gona da iri, don a nan ne ya kai daidai. Umarni ɗaya ya wadatar, wato "da ƙarfi". Shirin gyaran murya na LSVT LOUD ma a kan wannan aka gina shi.

Minti goma sha biyar kullum ya fi awa biyu ranar Juma'a kaɗai. In murya ta dushe a dakata. In yana yawan ƙwarewa wajen ci ko sha, a gaya wa likita.