Kallon wasa ba shi ne motsa jiki ba

An fara kokowar takobi a Tawa a shekarar 1975. Tun daga nan jihohin Nijar suke karɓar ta bi da bi. Jama'a suna cika fili.

To, babban taro yana sa mutane su shiga wasa? A Ingila an duba wannan. Landan ta karɓi wasannin Olimpik a 2012. Bayan taro, yawan masu motsa jiki bai ƙaru sosai ba.

Taro yana tada sha'awar yara. In babu dandali da mai koyarwa a garinsu, sha'awar sai ta mutu.

Mu tattauna: ina yaran garinmu suke kokowa bayan kaka? Wa zai koya musu?