Kafin Ka Tafi Abua

Jikana, mahaifinka ya ce bautar ƙasa ta kai ka jihar Ribas, ƙaramar hukumar Abua/Odual. Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Ga 'yar magana kafin ka hau mota.

Mu a nan muna da wata ɗabi'a da ba ta yi mini ba: da zarar mutum ya fito daga can kudu, sai mu ce Inyamiri ne, an gama. To, mutanen da za ka zauna da su ba Ibo ba ne, harshensu kuma ba na Ijo ba ne, duk da cewa Kalabari maƙwabtansu ne. Abua ne, da harshensu na kansu. Danginsa na kusa su ne Odual da Kugbo da Ogbia na jihar Bayelsa, kuma masana sun sa su cikin zuriyar harsunan Kuros Riba. A cikin Abua ɗin ma akwai kare-karen harshe, irin su Emughan da Otabha da Okpeden, kamar yadda Basakkwace da Bakano ke gane juna amma kowa da bakinsa. Ka tambayi mutum daga ina yake, ka kira shi da abin da ya kira kansa.

Ba su da yawa. Wani ƙiyasi na 1989 ya ce masu magana da harshen kimanin 25,000 ne, wato unguwa guda a Kano ta fi su. Duk da haka an rubuta harshen, har an buga Sabon Alkawari da shi a 1978. Matasansu kuwa, musamman waɗanda suka shiga Fatakwal, buroka ce ke cin bakinsu. Kada ka yi mamaki, domin abin da Hausarmu ke yi wa ƙananan harsunan Bauci ke nan, mu ne dai ba ma ji a jikinmu.

Saboda haka ka koyi gaisuwarsu tun makon farko, daga bakin tsofaffi. Za su yi dariya in ka karya, ka bar su su gyara maka. In an ba ka aji, kada ka doki yaro don ya yi yaren uwarsa.

Manoma ne da masunta, ƙasar rogo da agade da manja, a yankin kogin Orashi. Ruwa na yi musu ɓarna, ambaliyar 2012 da ta 2022 duk sun taɓa su. Ka sayi takalmin roba da gidan sauro, in kuma an ce kada a bi wata hanya da damina, ka ji maganar masu gari.