Wasiƙa Zuwa Ga Matasan Ikilisiyoyin Danko: Bangaskiya Sai Da Haƙuri

Ya ku 'ya'yana, samari da 'yan mata na Danko da ƙauyukan kewaye,

Wata gaggawa da nake gani a tsakaninku ce ta sa na ɗauki alƙalami. Yaro zai je taron farkaswa daren Juma'a, ya fito gaba yana hawaye, kafin Lahadi yana ganin ya kamo ƙafar manzo Bulus. Bayan wata biyu, in addu'arsa ta yi jinkirin samun amsa, ko 'yan bindiga suka raba gidansu da gona, sai a neme shi a majami'a a rasa. Ba mugun yaro ba ne. An dai sa masa rai cewa dare ɗaya ya isa a gama ginin bangaskiya.

Ɗan ƙasar Zuru bai kamata a ruɗe shi da wannan ba. Ku tambayi kakanninku labarin golmo. Saurayin Dakarkari yakan shekara bakwai yana yi wa surukansa noma tare da tsararrakinsa kafin a ba shi mata. A ranar farko kowa jarumi ne. Sai damina ta huɗu, da ɗoki ya kwanta, garma ta yi nauyi, sannan ake sanin mai so da gaske. Yakubu ma haka ya bauta wa Laban saboda Rahila, shekara bakwai har sau biyu. Amma kada ku fahimce ni a baibai: ceto ba ladan noma ba ne, kyauta ce ta alherin Allah. Girma a cikinsa ne ke cin shekaru, wato a horar da harshe, a danne fushi, a koyi gafarta wa wanda ya cuce ka.

Littafi Mai Tsarki na Hausa da kuke buɗewa a waya cikin ƙiftawar ido, kun san tsawon lokacin da aka jira shi? Likita Walter Miller, mai aikin fassarar, ya shigo ƙasar Hausa a 1900, ya zauna a Zariya, amma cikakkiyar fassarar ba ta fito ba sai 1932. Mishan ɗin da ya haifi ikilisiyar UMCA ya kafu a Salka da Zuru tun shekarun 1920, kuma masu bisharar da aka koyar a Salka da Tungan Magajiya da ƙafa da keke suka zaga ƙauyukanmu. Shi kansa Bulus, bayan abin da ya same shi a hanyar Dimashƙu, sai da ya shekara uku kafin ya je Urushalima wurin Bitrus.

To, ga nasihata. Ku karanta sura ɗaya kowace safiya kafin ku taɓa Facebook, ku bi littafi daga farko zuwa ƙarshe, ba tsintar ayoyin da suka yi muku daɗi ba. Ku yi addu'a ranar da kuke jin yi da ranar da ba ku ji. Ku zauna a ikilisiya ɗaya inda aka san halinku, inda fasto da iyayenku na zumuntar mata za su iya tsawata muku. Mai yawon majami'u yana neman mu'ujiza ba ya yin saiwa. Kada ku raina ajin baftisma, ko sharar majami'a, ko gaida marar lafiya. Ku riƙe amana a kasuwar Ribah da ta Zuru, ku zauna lafiya da maƙwabtanku Musulmi da masu bin al'adar gargajiya, don a mudu da ciniki ake fara auna Kirista. In kuwa kun faɗi, ku tashi ku tuba. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku, duk da haka aka ba shi kiwon garke.

Sannu ba ta hana zuwa. Ubangiji ya ba ku jimiri, ya kawo mana zaman lafiya a Danko-Wasagu. Amin.

Naku cikin Almasihu,
Wani dattijon ikilisiya