Darasi: Idan Giyar Mota Ta Lalace Bayan Ciniki

Sau da yawa mutum kan sayar da amfanin gonarsa ko shanunsa ya sayi mota ta hannu, amma bayan 'yan kwanaki sai giya ta fara gardama. Idan ya koma wurin dila, sai a ce masa ai ciniki ya riga ya faɗa.

Alamomin lalacewar giya sanannu ne. Mota takan yi jinkiri kafin ta shiga giya, ko ta riƙa fizga, ko inji ya yi ta ƙugi amma gudu bai ƙaru ba. A mota mai canza giya da kanta, man giya mai kyau yawanci ja ne. Idan ya yi baƙi yana warin ƙuna, to akwai matsala.

Da zarar mai mota ya ga haka, sai ya daina hawanta. Kada ya bari makanike ya buɗe giyar kafin dila ya gani, domin dila yana iya cewa an karya sharaɗin garanti. Ya kai kukansa a rubuce, ya adana kwafi ɗaya tare da rasit da takardar garanti.

Idan dila ya ƙi gyarawa, sai a nemi shugabannin masu sayar da motoci su sasanta. In abin ya faskara, a Nijeriya akwai hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa.

Alkawarin fatar baki yana da wuyar tabbatarwa. Tun ranar ciniki, a rubuta garantin na wata nawa ne, da ko ya haɗa da giya, sannan a sa hannu a gaban shaidu.