Aikin Yanar Ido: Yadda Za Ku Kwantar wa Majinyaci Hankali

A Gidar da ƙauyukan Mayo-Luti, dattawa da yawa da yana ta rufe wa ido suna zaune a gida, kuma ba kuɗin mota kaɗai ya hana su zuwa asibiti ba. Wasu sun ji ana cewa likita kan ƙwaƙule ido ya wanke ya mayar. Wasu kuma sun ga maƙwabcin da mai aikin gargajiya ya soka wa tsinke ya tura yanar ciki, daga baya idon ya mutu. Wannan fargaba tana da illa ko a ranar aiki, domin takan sa jini ya hau har likita ya ɗage aikin, bayan an sha tafiyar kusan kilomita 100 zuwa Garwa, ko an zarce asibitin ido na Lagdo.

Maganin farko shi ne bayani. Ku zaunar da Baba ko Inna ku faɗa musu gaskiya: ido ba ya barin gurbinsa. Likita kan yi 'yar ƙaramar tsaga, ya fitar da ƙwayar da ta yi hazo, ya sa ta roba mai haske a madadinta. Aikin yakan ɗauki minti 15 zuwa 30. Galibi ba a sa babba barci. Idon kaɗai ake kashe wa ji, da allura a gefensa ko da maganin ɗigawa. Kada ku ce babu zafi ko kaɗan. Allurar tana da ɗan raɗaɗi na ɗan lokaci, kuma wanda aka ɓoye wa wannan ba zai yarda da sauran maganarku ba. In da hali, ku haɗa shi da sa'arsa da aka yi wa aikin ya warke, don tsoho ya fi jin maganar tsoho.

Na biyu, harshe. Ma'aikata da dama da Faransanci ko Fulatanci suke aiki. Idan majinyaci Hausa, Gidar, Daba ko Fali kaɗai yake ji sosai, a zaɓi ɗan rakiya mai natsuwa da zai fassara. A tambayi likita tun ranar awo: wane gani ake sa rai? Idan hawan jinin ido ko ciwon sukari ya riga ya taɓa jijiya, gani ba zai dawo duka ba, gara a sani tun wuri.

Ranar aiki a zo da duk magungunan da yake sha, musamman na hawan jini, na sukari da na tsinka jini, a bi umarnin asibiti game da su da kuma abinci. A rage goro da shayi mai kauri. Ya wanke fuska, ban da kwalli, ya kama ruwa kafin ya shiga.

A ɗakin tiyata, abin da ya fi razana mutane shi ne ƙyallen da ake rufe fuska da shi. Ku gwada a gida: ya kwanta rigingine, a yafa masa mayafi marar nauyi na 'yan mintoci, ya ga numfashi bai tsaya ba. Ku gaya masa zai ga haske mai ƙarfi da launuka, zai ji ruwa mai sanyi da maganar ma'aikata, duk ba alamar matsala ba ce. A roƙi wata ma'aikaciya ko ma'aikaci ya riƙe masa hannu, a kuma yi yarjejeniya: in tari ya taso ko ya ji zafi, ya matse hannun maimakon ya motsa kai. Ya riƙa jan numfashi a hankali ta hanci, yana zikiri ko addu'a a zuci ba tare da motsa baki ba.

Washegari ake yawan cire bandeji. Gani na iya yin dishi-dishi na 'yan kwanaki, kada hankali ya tashi. A kiyaye ɗiga magani, a guji murza ido, hayaƙin murhu da ƙurar sussukar gyaɗa, a tambayi likita lokacin da za a koma yin sujada. Amma idan zafi ya tsananta, ido ya ƙara ja, ko gani ya ragu bayan ya fara washewa, a koma asibiti a ranar, kada a jira ranar da aka rubuta a kati.